Gawon Gona da Bikin Dashen Itace: Tarihin Itatuwa a Ƙasar Magarya da Dungas

Kowace shekara, ranar 3 ga watan Agusta, daidai lokacin da damina ta kankama gero ya fara rufe ƙasa, hukumomin Jamhuriyar Nijar kan fito da ƙananan itatuwa daga wuraren reno domin bikin dashen itace. A Magarya da Dungas, kamar sauran gundumomin ƙasar, akan taru a wani fili da aka keɓe: ga shugabannin mulki, ga sarakunan gargajiya da dogarawansu, ga ƙungiyoyin mata da na matasa, ga makaɗa da maroƙa. A yi jawabai, a haƙa ramuka a jere, kowane babba ya durƙusa ya dasa nasa, a zuba ruwa, a watse. Kimanin rabin ƙarni ke nan ana yin haka.

Amma wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Zinder ta ratsa Bande zuwa Magarya a tsakiyar bazara zai ga dubban itatuwa tsaye a cikin gonaki, kore shar a lokacin da kome ya bushe, kuma ba a jere suke ba. Mafi yawansu gawo ne, kuma babu wanda ya dasa su ranar biki. Tarihin itatuwan wannan yanki ya rataya ne a kan tazarar da ke tsakanin itacen da aka dasa da kiɗa da wanda aka bari a gona ba tare da kowa ya sani ba.

Gundumomin biyu suna kudancin jihar Zinder ne, kan iyaka da jihohin Katsina da Jigawa na Nijeriya. Gunduma ɗaya ce har zuwa shekarar 2011, lokacin da aka cire Dungas da Gushi da Malawa da Dogo-Dogo aka yi musu tasu. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da dubu 570 a Magarya, fiye da dubu 350 a Dungas. Ƙasa ce ta jigawa, ruwan rijiya ba shi da zurfi a wurare da yawa, ga kuma kwarin Korama inda ake noman rake da rogo da kayan lambu, dabino da goruba na tsaye a bakin tafkuna. Sunan Magarya kansa sunan itace ne.

Buɗin daji, dubu da dokar sarki

Kafin a san wata kalma wai ita muhalli, ƙasar Hausa tana da bukukuwan da ke tsara hulɗar mutum da daji. Mafi shahara shi ne buɗin daji, wanda Anna da maharba ke jagoranta wasu watanni bayan kaka. Kafin ranar buɗin, daji a rufe yake ga farauta. A ranar ne ake duba abin da shekara mai zuwa za ta zo da shi, sa'an nan a ba da izinin shiga. Addinin Musulunci ya raunana ɓangaren tsafin, ƙarewar dajin kuma ta raunana sauran, ko da yake a Masalata kusa da Birnin Ƙonni an ci gaba da gudanar da irinsa har zuwa wannan zamani. Abin lura a cikinsa shi ne, jama'a sun yarda cewa daji yana da lokacin hutu, kuma akwai wanda ake tambaya kafin a taɓa shi.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa duk al'adar gargajiya mai tattalin daji ce. Akwai bikin dubu, wanda manomin da ya ɗaure dami dubu a shekara guda kan shirya, ya ciyar, ya rarraba dukiya, a naɗa shi sarkin noma. Wannan daraja ba ta samuwa sai da faɗin gona da yawan hannu, wato sai da sarar daji. Al'ada ɗaya tana ja da baya, ɗaya tana turawa gaba, kuma muddin ƙasa na da yalwa, mutane kaɗan ne, ana barin saura ta huta, to babu wadda ta rinjayi ƴar'uwarta.

A ƙarni na 19 yankin ya shiga ƙarƙashin ikon Damagaram. Dungas da Washa na cikin tsofaffin ƙasashen Sosebaki, Magarya kuwa tarihinta na haɗe da gidan sarautar Haɓe na Daura da jihadi ya fitar daga birninsu. Sarkin Damagaram Tanimun ɗan Sulaiman, wanda mulkinsa na biyu ya ɗauki daga 1851 zuwa 1884, shi ne ya ƙarfafa wannan iko, ya gina ganuwar Zinder, ya sa aka ƙera igwa. Shi ne kuma labarin baka ke danganta wa dokar gawo: wanda ya sare gawo ba izini a bakin ransa, wanda ya yi masa mummunan sara a bakin hannunsa. Ko sau nawa aka zartar da hukuncin, labarin kansa shaida ne cewa masu mulkin wancan zamani sun san abin da itacen ke yi wa gero da dawaki, sun kuma ɗauke shi dukiyar sarauta.

Dalilin wannan daraja yana cikin halin itacen. Gawo yana saɓa wa sauran itatuwa: yakan zubar da ganye idan damina ta faɗi, ya tsaya tsirara duk lokacin da shuka ke bukatar rana, sa'an nan ya yi sabon ganye bayan ruwa ya ɗauke. Saboda haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen da ya zubar kuma taki ne a daidai lokacin shuka. Saiwarsa na nutsawa ƙasa sosai, ba ta cika rabon danshi da amfanin gona ba, kuma yana cikin itatuwan da ke ƙara wa ƙasa sinadarin da takin zamani ke bayarwa. Da rani dabbobi kan taru a inuwarsa suna cin ƴaƴansa, su bar kashinsu a gindinsa. Duk manomi ya san cewa zangarniyar da ke ƙarƙashin gawo ta fi ta tsakiyar fili.

Gyaɗa da takardar tara

Faransawa sun ci Damagaram a 1899, aka kuma shata iyakarsu da Ingilishi tsakanin 1906 da 1908, iyakar da ta raba dangi da kasuwanni. Abubuwa biyu na zamanin mulkin mallaka suka fi taɓa itatuwa. Na farko gyaɗa. Haraji na kuɗi ya tilasta noman abin sayarwa, ƙasar Magarya ta zama ɗaya daga cikin manyan rumbunan gyaɗar Nijar, kuma bayan samun ƴancin kai a 1960 aka ƙara himma: an kafa kamfanin SONARA a 1962 domin sayen ta, daga baya aka gina masana'antar matsar mai a garin Magarya. Malaman gona suka zo da garmar shanu, wadda ba ta son kututture a gabanta. Aka koya wa manomi cewa gona ta gari ita ce wadda aka tumɓuke kome a cikinta, wanda ya bar tsiro kuma rago ne.

Na biyu doka. Dokar gandun daji ta 4 ga Yuli 1935, wadda ta shafi dukan yankunan Faransa na Afirka ta Yamma, ta mayar da duk dajin da aka ce ba shi da mai shi mallakar gwamnati, ta kuma ware wasu itatuwa da ba a taɓawa sai da izini. Dokar Nijar ta watan Maris 1974 ta bi sawunta, gawo na cikin jerin itatuwan da ta kare. A takarda wannan ya yi kama da dokar Tanimun. A gona kuwa sakamakon ya zama akasin abin da aka nufa. Manomin da ya datse reshen gawon da ke tsakiyar gonar da ya gada yana iya haɗuwa da ma'aikacin gandun daji da takardar tara. Baƙon da ya sayi izini a ofis kuma yana iya zuwa ya sare itacen a gabansa. Mai hankali sai ya ga ya fi masa sauƙi ya cire tsiron tun yana ƙarami, kafin ya girma ya zama na gwamnati, ya jawo masa magana. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Tun a wancan lokaci an fara tsoron hamada. A 1935 wani malamin ilmin gandun daji na jami'ar Edinbura, E. P. Stebbing, ya wallafa cewa Sahara na gangarowa kudu, ya ba da shawarar a kafa shingen itatuwa a kusa da iyaka. Kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa da ya zagaya yankin iyakar a 1936 zuwa 1937 bai sami shaidar da ta gaskata shi ba. Duk da haka tunanin shinge bai mutu ba; ya sake fitowa da sunan Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007.

Fari da haihuwar biki

Farin 1973 zuwa 1974 ya kashe dabbobi da itatuwa, ya kuma taimaka wajen kifar da gwamnatin Diori Hamani a watan Afrilu 1974. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta gama da abin da fari ya rage, kuma noman gyaɗa bai sake komawa matsayinsa na da ba. A cikin wannan hali ne, a tsakiyar shekarun 1970, gwamnatin Seyni Kountché ta mayar da ranar tunawa da ƴancin kai ranar dashen itace, maimakon shagali. Ƙungiyoyin Samariya, waɗanda gwamnatin ta farfaɗo da su, su ne suka ɗauki nauyin haƙa da dashe a ƙauyuka. A watan Mayu 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada, inda aka ɗora wa kowane matakin mulki nauyin dasa wani adadin fili kowace shekara.

Ba daidai ba ne a ce wannan aiki ya tafi a banza. Inuwar dogon yaro da ke kan titunan garuruwa da harabar makarantu da kasuwanni, da yawanta daga irin wannan yunƙuri ta fito, kuma bikin ya sa maganar itace ta shiga rediyo da darasin aji da bakin mawaƙa. Amma a matsayin hanyar mayar da itatuwa karkara, ya gaza, kuma dalilan a bayyane suke. Abin da aka dasa a farkon Agusta bai fi ruwan wata biyu yake samu ba, sa'an nan ya fuskanci rani na wata takwas. Bayan kaka ana sakin dabbobi, akuya kuwa ba ta san bikin ƙasa ba. A makarantu, ranar ta faɗo cikin dogon hutu, abin da aka dasa sai ya jira Oktoba kafin ya ga mai ba shi ruwa. Mafi girma duka, filin na kowa ne, wato ba na kowa ba ne: babu gidan da zai ce icen da zai fito daga wurin nasa ne.

Sai farin 1984 ya zo, ya tarar da iyakar Nijeriya a rufe tun watan Afrilu na shekarar, ba a buɗe ta ba sai 1986. Ga mutanen Magarya da Dungas, waɗanda hanyar tsirarsu a shekarar yunwa ita ce cin rani a Kano da sayo hatsi daga kudu, wannan bugu biyu ne a wuri ɗaya. Gonaki sun zama fili fetal. Iskar farkon damina kan kwaso rairayi ta binne shuka ko ta yanke ta, har manomi ya yi shuka sau uku ko huɗu. Mata suna ƙona karan gero da kashin shanu domin babu ice, wato suna ƙona takin baɗi.

Abin da ya faru a gona

A jihar Maraɗi an san inda labarin ya soma. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sassabewa kowace shekara tohon manyan itatuwa ne da saiwarsu ke raye a ƙasa. Idan aka zaɓi reshe ɗaya ko biyu mafi ƙarfi aka bari, aka datse sauran, itacen kan tashi da sauri fiye da na dashe, domin ya riga ya mallaki saiwa. Manoma suka sa wa dabarar suna sassaben zamani. A kudancin Zinder kuwa masu bincike ba su sami wani babban shiri na waje da za a jingina wa abin ba. Manoma ne suka koma wa abin da kakanninsu suka sani, saboda babu sauran saura da za a bari ta huta, takin zamani ya fi ƙarfin aljihu, kuma kowa ya ga cewa gonar da ke da gawo ita ce ta ba da wani abu a shekarar fari.

Akwai kuma wani dalili da ba a cika faɗa a jawabin biki ba. Daga ƙarshen shekarun 1980, faɗuwar farashin yuraniyom da rikicin siyasar da ya kai ga Taron Ƙasa na 1991 sun raunana gwamnati, ma'aikatan gandun daji suka rage shiga ƙauyuka. Da tsoron tara ya ragu, manomi ya fara kallon itacen gonarsa a matsayin nasa, tun kafin doka ta ce haka. Kundin dokokin karkara na 1993 da dokar gandun daji ta 2004 sun biyo baya ne suna sassauta abin da jama'a suka riga suka sassauta wa kansu. Abin mamaki ne, amma haka tarihin ya nuna: itatuwan sun ƙaru ne a lokacin da masu tsaronsu suka yi ƙaranci.

Aikin kansa ba shi da kiɗa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin sharar gona, maigida da ƴaƴansa kan bi gandu da gatari da adda, su tsaya a kan kowane tsiro su yanke shawara. Wannan kalgo ne, a bar masa reshe biyu. Wannan sabara ce, a rage ta. Wannan ɗan gawo ne, a share masa gindi, a kafa masa alama kada hauya ta same shi. Gawo da yawa ma ba daga kututture suke fitowa ba. Ƙwayarsa na da tauri, tana tsira da kyau ne bayan ta bi ta cikin dabba, saboda haka takin da ake kwasowa daga turke a kai gona a kan jaki ko amalanke yana tafe da irin itacen a cikinsa. Gidan da ke kiwo, yake kai taki, shi ne ke shuka gawo ba tare da ya haƙa rami ba.

A 2006 masanin itatuwa ɗan Nijar Mahamane Larwanou da abokan aikinsa, ciki har da Chris Reij ɗan ƙasar Holan, suka yi bincike a gundumomin Magarya da Matamai da Mirya, lokacin Dungas na cikin Magarya. Sun ƙiyasta cewa fili mai faɗin kusan hekta miliyan 1 ya sake samun itatuwa, tsakanin 20 zuwa 120 a kowace hekta, gawo ne ya fi yawa. Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya gwada hotunan sama na 1975 da na tauraron ɗan'adam na shekarun 2000, ya sami wuraren da itatuwa suka ninka sau 10 zuwa 20. A faɗin kudancin Nijar an ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200. Wani abin da ya ba masana mamaki shi ne, inda mutane suka fi cunkoso nan itatuwa suka fi yawa, saɓanin abin da aka daɗe ana koyarwa.

A cikin gida ne amfanin ya fi fitowa. Binciken ya nuna cewa a wasu ƙauyuka lokacin da mace ke ɓatawa wajen neman icen girki ya sauko daga sa'a biyu da rabi a yini zuwa rabin sa'a. Da ice ya samu daga datsar rassa, kara ya zauna a gona yana tare iska. Ƴaƴan gawo sun zama abincin ragon da mace ke turkewa domin Layya ko domin kasuwar Maigatari, sun kuma zama hajar da ake aunawa a kasuwa. Ganyen kuka na miya ne da na sayarwa, kaba ta tabarma da igiya ce, aduwa da magarya na yara ne da na ƴan talla. A shekarar da hatsi ya gaza, kamar 2005, gidan da ke da itatuwa yana da abin da zai sayar ya auno gero kafin ya kai ga sayar da akuyar ƙarshe.

Abin da gawo bai iya ba

Duk da haka, yabon da duniya ta yi wa wannan labari, har Rinaudo ya sami lambar girmamawa ta Right Livelihood a 2018, bai kamata ya rufe ido daga sauran gaskiyar ba. A daminar wannan shekara ta 2018 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta fara aiki a Magarya a 2005, ta ba da sanarwar cewa yara kimanin 10 ke rasuwa kowace rana a sashen yara na asibitin garin, galibi saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Itace yana ƙara wa gona albarka, amma ba ya ƙara mata faɗi, kuma gonar da ake rabawa tsakanin magada a kowane zamani tana ƙanƙancewa fiye da yadda gawo ke girma. Wanda ke noma gonar aro ko ta jingina ba ya cika rayar da itace a cikinta, domin mai gonar kan ɗauki hakan a matsayin neman mallaka. Mata, waɗanda su suka fi cin moriyar itatuwan, su suka fi ƙarancin gonar kansu. Ga kuma masu saran dare, waɗanda kan rushe renon shekara goma kafin asuba.

Sai a ranar 30 ga Yuli 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman da ta amince a rubuce cewa manomin da ya rayar da itace a gonarsa yana da haƙƙin cin amfaninsa, shekara 85 bayan dokar 1935. Amma shekara goma kafin nan, dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin yawo da dabbobinsa, tare da ranar da hukuma ke tsayarwa ta sakin gonaki bayan kaka. A da, ɗan gawon da ya faɗo da rani na dabbar da ta riga isa ne, mai gona kuma ya gode da takin da aka bar masa. Yanzu da ya zama kuɗi, mai gona kan tura yara su tsince shi tun da safe, makiyayin da ya tarar da ƙasa a share kuma yakan ɗaga sanda ko gatari zuwa reshe. Irin wannan ƙara kan fara ne a zauren mai gari, inda manomi ke nuna itacen da ya rena da hannunsa, makiyayi kuma yana tuna masa cewa a cikin shanunsa irin ya zo.